DAGA TSOHON AWO ZUWA SABO: TARIHIN KAIFIN HOTO A FINA-FINAN HAUSA

1. Gabatarwa

A cikin shekarar 2018 aka nuna fim ɗin Shaihu Umar a bikin fina-finai na birnin Berlin da ke ƙasar Jamus, watau shekara 42 bayan Adamu Halilu ya shirya shi. An haska shi a babban allo, hotonsa garau, kamar bai sha ajiya ba. Amma wanda ya tashi neman fina-finan da aka shirya a Kano a ƙarshen shekarun 1990, waɗanda Shaihu Umar ya girme su da fiye da shekara 20, galibi abin da zai samu shi ne hoto dishi-dishi, launi ya zuba, fuskoki sun dushe. A bisa al'ada tsoho shi ke riga yaro rasa gani, ga shi a nan an sami akasi.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana dalilin wannan akasi. Za a bi tarihin ma'aunin hoto a ƙasar Hausa tun daga majigi har zuwa yau, sa'an nan a duba abin da ke faruwa idan mai tace hoto ya ɗauko aikin da aka yi a kan tsohon ma'auni, wanda masu sana'a ke kira SD, yana son ya mai da shi kan sabon ma'auni mai kaifi, wanda ake kira HD. Domin sauƙi, za a riƙa kiran na farko tsohon awo, na biyu kuma sabon awo. Magana ɗaya ce za ta ratsa laccar daga farko har ƙarshe, ita ce: kaifin hoto ranar ɗauka ake samunsa, kuma iyakar abin da mai juyawa zai iya yi shi ne ya koma ga kwafin da ya fi kusa da wannan rana. Hausawa sun riga sun taƙaita batun da suka ce tun ran gini tun ran zane.

2. Zamanin Majigi da Dodon Hoto

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce majigi, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa yawo da shi a mota gari-gari, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, ana nuna wa jama'a sha'anin tsafta da noma. Wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers shi ya yi fice a wannan aiki tun cikin shekarun 1930, kuma a 1939 aka kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da Ingila ke mulka. Daga irin wannan tsari ne aka sami Baban Larai, wanda dattawa ba su manta da shi ba. Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kasuwanci, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan hotuna a kan zaren fim aka ɗauke su, mai faɗin milimita 16 ko 35. Zaren fim ba shi da layuka ƙididdigaggu. Haske ne ke faɗawa a kan sinadarin da aka shafa masa, ya bar surarsa a cikin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kuma abin da ke fitowa bayan wanki shi ne dodon hoto, inda fari ke komawa baƙi, baƙi ya koma fari. Dodon hoto na milimita 35 yana riƙe da bayani mai yawan gaske, har ya wuce abin da akwatin talabijin na wancan zamani zai iya nunawa nesa ba kusa ba. Ashe ke nan waɗanda suka ɗauki Shaihu Umar a 1976 sun tara wata dukiya da sai bayan shekaru masu yawa za a sami na'urar da za ta fito da ita duka a cikin gida.

Sai dai fim yana da tsada. Ana sayo zarensa daga waje, sau da yawa kuma a waje ake wanke shi. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, sai shirya fim a kan zare ya gagari kusan kowa. Kaɗan ne suka fito bayan haka, irin su Ƙasarmu Ce na Saddiq Ɓalewa da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, a farkon shekarun 1990.

3. Talabijin da Layi 625

Tsohon awo ɗan talabijin ne. An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, na Jihar Arewa kuma ya fara aiki a Kaduna a 1962. Gidan talabijin na Jos shi ya fara watsa hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970, a 1977 aka haɗe gidajen a ƙarƙashin NTA, sa'an nan Jihar Kano ta kafa nata, CTV, a farkon shekarun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A irin waɗannan gidaje aka haifi wasannin da suka yi suna, kamar Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo.

Nijeriya ta bi tsarin PAL, wanda Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya ƙago a Jamus a farkon shekarun 1960. A wannan tsari ana zana hoto da layi 625 daga sama zuwa ƙasa, amma 576 ne kawai ido ke gani, sauran na daidaita na'ura ne. Hoto 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Kowane hoto kuma an raba shi biyu: a fara zana layukan mara, watau na 1 da na 3 da na 5, sa'an nan a dawo a cike gurbi da layukan cika, kamar yadda masaƙi ke ɗaga rabin zare ya wuce da ƙoshiya, ya sauke ya ɗaga ɗaya rabin. Saboda haka rabin hoto 50 ne ke fita a daƙiƙa. An yi wannan dabara ne domin hoto ya daina ƙyaftawa ba tare da an ƙara nauyin abin da ake watsawa ba. Siffar allo kuwa kashi 4 ce a faɗi, 3 a tsawo. Amurka tana da nata tsarin, NTSC, mai layi 525, Jamhuriyar Nijar kuma ta bi SECAM na Faransa.

A 1982 aka yi yarjejeniyar duniya a kan yadda za a mai da wannan hoto lissafi domin kwamfuta. Aka tsai da ɗigo 720 a kowane layi. Idan aka ninka 720 sau 576 za a sami ɗigo 414,720. Wannan adadi shi ne rufin ɗakin tsohon awo. Kome kyawun kyamara, kome gwanintar mai ɗauka, hoton ba ya wuce nan.

Akwai wata hasara da ta riga ta auku a wannan zamani wadda babu mai juya ta. Kaset ɗin gidan talabijin yana da tsada, don haka al'ada ce a gidajen talabijin na duniya a goge shiri bayan an watsa shi, a ɗora wani a kai. Ko BBC ta yi hasarar shirye-shirye masu yawa ta wannan hanya a shekarun 1960 da 1970. Abin da aka goge ba shi da tsohon awo balle sabo.

4. Kaset da Kasuwar Kano

Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 bidiyo ya shiga gidajen masu hali a Kano da Kaduna da Sakkwato, ana kallon fina-finan Indiya da na Sin. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa, shekara biyu kafin Living in Bondage ya fito a Kudu. Gimbiya Fatima ya biyo baya, sa'an nan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Zuwa 1999, shekarar da Sangaya ya fito, sana'a ta kafu har ta sami mujallu nata, Fim da Tauraruwa, kuma a cikin Tauraruwa ne Sunusi Shehu ya raɗa mata sunan Kannywood. Wasila ya fito a 2000, a 2001 kuma Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai.

VHS bai kai ko rufin tsohon awo ba. Kaifinsa a faɗi bai wuce kimanin layi 240 ba, launinsa kuwa ya fi haka rauni. Bugu da ƙari, tacewa a wancan lokaci da bidiyo biyu ake yin ta: ɗaya na juya kaset ɗin da aka ɗauko daga wurin aiki, ɗaya na kwafe yankin da ake so a kan wani kaset. Duk kwafi a wannan tsari yana rage wani abu ya kuma ƙara datti, kamar rinin da ake ta tsoma tufafi a ciki, na farko ya fito shuɗi sosai, na biyar ya fito fari-fari. Kaset ɗin kyamara shi ne uwa. Wanda aka tace, da ake kira masta, ɗa ne. Wanda ɗan kasuwa ya kwafa ya sayar jika ne, in ma ba tattaɓa-kunne ba.

Tsarin ciniki ya ƙara dagula lissafi. Furodusa yakan buga kwalayen fim ya sayar wa 'yan kasuwa na Ƙofar Wambai da Bata, ya ba su masta, su kuma su kwafa a kan kaset ɗinsu. Watau kwali shi ne kuɗi, masta kuwa kayan aiki ne da ke yawo hannu-hannu har ya gaji. Kaset ɗin kyamara kuma, da zarar fim ya shiga kasuwa, sau da yawa sai a ga ba shi da sauran amfani in ban da a ɗora sabon aiki a kansa. Ba wanda za a zarga a nan, gama jari kaɗan ne, kuma ba wanda ya san za a wayi gari ana neman uwar kaset ruwa a jallo. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya yi bayanin yadda dusashen hoto da ƙarar kaset suka zama wani ɓangare na yadda jama'a suka saba kallo.

Daga baya abubuwa biyu suka shigo, ɗaya gyara, ɗaya ɓarna. Gyaran shi ne ƙaramin kaset na MiniDV, wanda ya fito a duniya a 1995. Shi lissafi yake ajiyewa, cikakken ɗigo 720 sau 576, kuma ana zuba shi a kwamfuta ta waya ba tare da ya rasa kome ba. Sa'a guda takan ci wajen gigabait 13. Da shi tacewa ta koma kwamfuta, a manhajoji irin su Adobe Premiere. Ɓarnar kuwa ita ce faifan VCD da ya maye gurbin kaset a kasuwa cikin shekarun 2000. Hoton VCD ɗigo 352 ne sau 288, jimla 101,376, watau bai kai rubu'in abin da kyamara ta ɗauka ba. Sai ya zamana ana ɗaukar hoto mai kyau, ana sayar da ragaggensa, kuma ragaggen ne ya bazu a duniya ya wanzu.

5. Zuwan Sabon Awo

Gidan talabijin na NHK a Japan ya fara binciken hoto mai kaifi tun 1964, kuma a 1990 aka tsai da ƙa'idar duniya da sabon awo ya ginu a kanta. Cikakkensa ɗigo 1,920 ne a faɗi, 1,080 a tsawo, jimla 2,073,600. Wanda ya raba wannan da 414,720 zai sami 5 daidai, ba ragowa. Siffar allo ma ta sauya, ta koma 16 a faɗi, 9 a tsawo.

Sabon awo bai iso hannun masu ƙaramin jari ba sai da kayansa suka yi araha. A 2003 aka fito da tsarin HDV, mai ajiye hoto mai kaifi a kan kaset irin na MiniDV. A 2008 kamfanin Canon ya fitar da kyamarar 5D Mark II, wadda asalinta ta hoton kati ce amma tana ɗaukar bidiyo cikakke a kan katin ajiya. YouTube ya fara karɓar hoto mai layi 1,080 a 2009. Cikin shekarun 2010 irin waɗannan kyamarori suka mamaye sana'ar a Kano da Kaduna da Jos.

Masu saye ma sun sauya. Tashar Africa Magic Hausa ta fara a 2010, Arewa24 a 2014. Gidan silima na zamani ya buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero a Kano. Kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, saboda satar fasaha da masu tura fim a waya, sai masu sana'a suka koma ga shiri mai dogon zango, irin su Daɗin Kowa, da Kwana Casa'in na 2019, da Labarina da Izzar So na 2020. Ita gwamnati kuma ta fara sauya watsa talabijin zuwa tsarin dijital a Jos a 2016, bayan wa'adin duniya na 17 ga Yuni 2015 ya wuce. Ya kamata a bambance: dijital hanyar aikawa ce, kaifi kuwa yawan ɗigo ne, ana iya aika tsohon awo ta hanyar dijital.

Ta haka aka wayi gari duk fina-finan da aka yi daga 1990 har zuwa farkon shekarun 2010 sun zama baƙi a allon zamani. Mai tsohon fim yana son ya sa shi a YouTube ko ya sayar wa tasha, sai a ce masa a kawo shi a sabon awo.

6. Abin da Juyawa Ta Ƙunsa

Da farko ya kamata a fahimci mene ne kundin tacewa a kwamfuta. Babu hoto a cikinsa. Jerin umarni ne kawai: a ɗauko daga kaset kaza, daga minti kaza zuwa minti kaza, a biyo da wancan, a ɗora waƙa a nan, a sa rubutu a can. Sauya awon kundin daga 720 sau 576 zuwa 1,920 sau 1,080 aikin minti ɗaya ne. Da an yi shi sai tsohon hoto ya bayyana ɗan ƙarami a tsakiyar baƙin fili, kamar tabarmar salla a tsakar gida. Daga nan ne matsaloli ke farawa, kuma guda biyar ne manya.

Ta farko ita ce faɗaɗawa. Domin hoton ya cika tsawon allo sai an ninka shi sau 1.875. Kwamfuta ba ta san abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ba, sai ta duba maƙwabta ta yi kirdado. A cikin kowane ɗigo kusan huɗu na sabon hoto, ɗaya ne kawai ke da asali, sauran cikon kirdado ne. In kuwa daga VCD aka ɗauko, ɗaya ne cikin kimanin 15. Hoton ya yi girma, amma bayaninsa yana nan yadda yake.

Ta biyu ita ce siffa. Hoto mai 4 da 3, in ya cika tsawon 1,080, faɗinsa 1,440 ne, saura ɗigo 240 baƙi a dama, 240 a hagu. Mutane da yawa ba su son wannan baƙi, sai su bi ɗaya daga hanya biyu. Ko dai a ja hoton ya cika, kowa ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a faɗi, siririyar jaruma ta koma mai ƙiba, faranti ya koma ƙwai. Ko kuma a ƙara girmansa a yanke sama da ƙasa, a zubar da layi 360 cikin 1,440, watau rubu'in hoton. A sama hula da rawani ke tafiya, a ƙasa kuma fassarar Turanci da aka saba liƙawa a fina-finan Hausa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar baƙin a gefe. Har ila yau ɗigon PAL ya ɗan fi faɗi bisa tsawo, na sabon awo kuwa murabba'i ne, in ba a gaya wa manhaja haka ba sai fuskoki su tsuke.

Ta uku ita ce saƙar layuka da aka ambata a baya. Rabin hoto na farko da na biyu ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, akwai kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa a tsakaninsu. Tsohuwar talabijin tana nuna su bi da bi, ido bai gani. Allon waya da na kwamfuta kuwa yana haɗa su wuri ɗaya, sai gefen duk abin da ke motsi ya fito da haƙora kamar matsefi. A wurin rawa da waƙa abin ya fi muni, ga shi kuwa su ne adon fina-finan wancan zamani. Dole a warware saƙar kafin a faɗaɗa. In aka faɗaɗa tukuna, haƙoran sun zauna ke nan. Malalacin magani shi ne a zubar da rabi ɗaya, a bar layi 288. Magani na ƙwarai shi ne a gina cikakken hoto daga kowane rabi, a sami 50 a daƙiƙa, motsi ya zauna yadda aka ɗauke shi.

Ta huɗu ita ce launi. Lissafin da tsohon awo ke haɗa ja da kore da shuɗi da shi ya bambanta da na sabo. In aka sauya awo ba a sauya lissafin ba, ja da kore sukan kauce, launin fata da na atamfa su tashi daga yadda suke. Ta biyar ita ce gudu. Abin da aka ɗauka a kan 25 a bar shi a kan 25 ko 50. Wanda ya zuba shi a kundi mai 30, irin na Amurka, zai ga motsi yana tuntuɓe.

Abu ɗaya ne ke samun kaifi na gaskiya a wannan aiki, shi ne rubutu. Sunan fim da jerin sunayen 'yan wasa da fassara, in kundin tacewa yana nan, ana sake rubuta su a sabon awo su fito tangaran.

7. Darasi Daga Fina-finai Biyu

Daga abin da ya gabata za a gane cewa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: a kan me aka ɗauki fim ɗin, kuma ina uwar take? Amsar hawa huɗu ce. Wanda aka ɗauka a zaren fim, ana komawa ga dodon hoto a sake karanta shi da na'urar zamani, a sami kaifi na haƙiƙa. Wanda aka ɗauka da HDV aka tace shi a tsohon awo domin kasuwar faifai, ana sake zuba kaset ɗinsa da cikakken kaifi, a nuna wa kundin tacewa sababbin hotunan, shi kuma ya bi lambobin lokaci ya yanka su inda ya yanka na da. Wanda aka ɗauka da MiniDV ba zai wuce rufinsa ba, amma in uwar tana nan zai fito da kyau mai ban mamaki ga wanda VCD kawai ya sani, domin ya ninka shi fiye da sau huɗu. Wanda kuwa babu abin da ya rage sai kwafin kasuwa, sai haƙuri.

Shaihu Umar yana hawa na farko. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a cikin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, bisa ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi ta mai da shi dijital, har aka sake ganin Umaru Ladan a matsayin Shaihu Umar na littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na'urar Jamus ba ta ƙara masa kome ba, abin da ke kwance a cikin zaren tun 1976 ta tono.

Misali na biyu daga Amurka yake. Shirin Star Trek: The Next Generation, wanda aka watsa daga 1987 zuwa 1994, an ɗauke shi a zaren milimita 35, amma a kaset aka tace shi, don haka mastansa tsohon awo ne. Da kamfanin CBS ya so fitar da shi a sabon awo, bai faɗaɗa mastan ba. Ya koma rumbu ya fito da dodon hoton, ya sake karanta shi, ya sake tace kashi 178 yanka bisa yanka, aka fitar da su tsakanin 2012 da 2014, kuma aka bar siffar 4 da 3 yadda take. Aikin ya ci kuɗi ainun. Darasin shi ne, ko masu dukiya irin wannan ba su sami gajeriyar hanya ba, ajiyar uwa ce ta cece su.

A 'yan shekarun nan an sami manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke cike gurbin ɗigo da abin da suka koya daga miliyoyin hotuna. Sukan ba da hoto mai daɗin kallo, amma abin da suke ƙarawa zato ne. Suna iya ɗaukar bille ko tsagar gado a kumatu a matsayin datti su share, su ƙaga wa babbar riga wani aikin da ba aska takwas ba, su mai da rubutun allo wasu zane-zane marasa ma'ana. Ga mai neman nishaɗi wannan ƙaramin abu ne. Ga mai nazarin tarihi kuwa shaidar zur ce, don haka wajibi ne a ajiye kwafin da ba a taɓa ba a gefe, a kuma bayyana wanda aka yi wa kwalliya.

8. Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari ya wuce nishaɗi. Fina-finan shekara 20 ɗin nan sun ɗauki titunan Kano da Kaduna kafin a rushe a sake gini, da suturar mata da maza, da adon ɗaki, da karin harshen samari, da fuskokin 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya. Bayansu kuma akwai dubban kaset na biki da suna da saukar karatu da naɗin sarauta da hawan salla, waɗanda masu ɗaukar bidiyo na garuruwa suka yi. A ƙasa irin ta Birnin Gwari, inda rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama cikin shekarun 2010, kaset ɗin bikin da ke ƙasan akwatin wata tsohuwa yana iya zama shi kaɗai ne hoton da ya rage na wani gari yadda yake a da, da kasuwarsa da masallacinsa da mutanensa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Kaset yana lalacewa da zafi da laima da ƙurar hunturu, ƙasar Hausa kuma tana da ukun duka. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasar Ostareliya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa kaset ɗin da ba a kwafe ba kafin 2025 zai yi wuyar cetuwa, wannan shekara kuwa ta riga ta zo. Kullum na'urori na mutuwa, masu gyaransu na tsufa.

Saboda haka tsarin aikin a bayyane yake. A nemo uwa, in babu a nemo masta, in babu a nemo kwafin da ya fi tsafta. A kwafe shi a awonsa na asali, da saƙarsa da siffarsa, ba tare da matsewa mai yawa ba. A rubuta sunan fim da shekara da waɗanda suka yi shi. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Bayan haka ne za a yi na sabon awo domin kasuwa. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos, da ƙungiyoyin masu shirya fim, kowannensu yana da rawar da zai taka. Sabon awo ma ba shi ne na ƙarshe ba, gama mai ɗigo 3,840 sau 2,160 ya riga ya ninka shi sau huɗu, kuma masu shirya fim na yau da ke goge katin kyamara da zarar shiri ya hau YouTube suna maimaita abin da aka yi wa kaset a 1995. Za a sake juyawa nan gaba, kuma wanda ya adana uwa shi ne kaɗai zai sami abin juyawa.